Bunyaminu Mai Akumari

Duk wanda ya ci kasuwar Illo shekaru ashirin da suka wuce ya san inda Bunyaminu yake zama. Can gefen da ake ɗaure dabbobi ne, a gindin wani marke, ga tsofaffin buhunan algarara a gefensa, ga damin ciyawa mai laushi, basilla kuma a soke a hularsa. Sana'arsa ɗinkin akumari, shimfiɗar nan mai kauri da ake ɗora wa jaki a baya kafin a aza masa kaya. Mutumin ƙauyenmu ne, Tungar Gawo, tafiyar sa'a guda daga Illo ta wajen iyakar Benin. A hannun mahaifinsa ya koya.

Ba ya ɗinka akumari ya ajiye yana jiran mai saye. Sai an kawo masa jakin. Ya shafa bayansa da tafin hannu tun daga doro har gindin wutsiya, ya sa a ja shi ya yi taku goma yana kallo, sannan ya zauna ya cusa ciyawa, nan da yawa, can kaɗan. In jaki ya zo da miki a baya, ba zai ɗinka ba. Zai wanke mikin da ruwan gishiri, ya shafa man kaɗe, ya yi wa mai shi faɗa a gaban mutane, ya ce a dawo bayan kasuwa biyu. Mutum ne marar yawan magana, amma a kan bayan jaki yana iya zagin wanda ya girme shi.

A lokacin, duk abin da ke shiga ko fita ƙauyukanmu a bayan jaki yake tafiya. Albasa daga fadama, gero, gishiri, garin rogo daga Madekali, itace, ruwa, har amarya da kayan ɗakinta. Dendawa da Fulani daga tsallaken iyaka sukan kawo masa nasu, yana jin yarensu daidai gwargwado. Daga Illo har wajen Segbana babu gidan da ke da jaki da Bunyaminu bai san ƙofarsa ba.

Sai babura suka zo, masu arha, kowane saurayi ya mallaki ɗaya. Bayansu kuma keke mai ƙafa uku, mai ɗaukar buhu goma a tafiya ɗaya. Aikinsa ya ragu da rabi. 'Ya'yansa maza biyu ba wanda ya taɓa basilla, duk suka tafi Birnin Kebbi kabu-kabu. Bai yi ƙorafi ba. Yakan ce wa matarsa Mashkura a bari damina ta sauka, hanyar fadama ta zama taɓo, a ga ko keke zai shiga. Haka kuwa ake yi. Da damina jakuna ne ke fitar da mutane kunya.

Shekarar da kogin Kwara ya cika ya cinye shinkafar fadama gaba ɗaya, rumbun Bunyaminu bai ga ko dami ɗaya ba. A cikin wannan halin ne Abbas ya zo masa. Abbas ɗan maƙwabcinsa ne, ya bi motocin albasa zuwa kudu tun yana matashi, ya dawo da ƙatuwar waya da takalmi mai sheƙi. Ya durƙusa ya gaishe shi yadda ya kamata.

"Baba, jakuna nika saye," in ji shi.

"Ka kai su ina?"

"Kudu. Can akwai masu cin naman. Amma ba naman ba ne mai daraja, fatar ce. Wasu mutane daga nesa sunka kafa kamfani, suna kwasarta zuwa ƙasarsu, wai magani suke yi da ita."

Bunyaminu ya ce, "To ni mi nawa a ciki?"

"Kai mutane sunka yarda da kai, Baba. In ni kaɗai na shiga ƙauye, ba mai nuna mini turkensa. Ka raka ni kurum, ka duba su, ka yi magana."

Abbas bai ɓoye masa komai ba, Bunyaminu kuma bai taɓa cewa an yaudare shi ba. Kwana uku yana juya maganar. Ranar na huɗu, bayan Mashkura ta kankare ƙasan tukunyar dawa ta nuna masa, ya aika aka kira Abbas. Ya kafa masa sharaɗi: tsofaffi kawai, da guragu, da waɗanda aiki ya gama da su. Ban da mace, ban da ƙarami.

"Yadda ka ce, Baba," in ji Abbas.

Watannin farko haka aka yi. Bunyaminu yakan hau bayan babur ɗin Abbas su shiga ƙauye, ya buɗe bakin jaki ya duba haƙora, ya ce wannan ya tsufa. Kuɗin da ake ba mai shi ya ninka abin da ya taɓa ji a kan jaki. Mutane suka riƙa sa wa Bunyaminu albarka. Wani ya sayi babur, wani ya aurar da ɗiya, wani ya sayi injin ban ruwa. Shi ma ya cika rumbunsa da geron kasuwa, ya rufa ɗaki biyu da kwano.

Amma tsofaffin jakuna ba su da yawa. Kafin shekara ta zagayo sun ƙare, motar da ke kai su kudu kuwa kullum tana jiran a cika ta. Masu jakuna da kansu suka fara kawo majiya ƙarfi, suna roƙon Bunyaminu kada ya hana su samu. Ya fara yin shiru. In ya buɗe bakin jaki ya ce wannan ai yaro ne, sai Abbas ya ɗauki hotonsa da waya ya aika, kafin a sha ruwa amsa ta dawo daga wani mutum da Bunyaminu bai taɓa gani ba.

"Mi ya ce?"

"Ya ce a ɗauka. Shi girman fata shika dubawa, ba haƙora ba."

Nan Bunyaminu ya gane ba a bukatar saninsa. Fuskarsa ake bukata a ƙofar gida. Duk da haka bai bari ba. Da kansa ya gaya mini, shekaru bayan haka, muna zaune da hantsi a ƙofar gidansa, cewa kullum yakan ce wa ransa wannan motar ce ta ƙarshe.

Aka kai ga sayen jakuna mata ma, daga nan sai sata ta shigo. Mutum ya ɗaure jakinsa a turke, gari ya waye sai guntun igiya.

A Tungar Gawo akwai Kubura, matar marigayi yayan Bunyaminu. Maginiyar tukwane ce, randunanta har Kamba ake zuwa nema saboda sanyin ruwa. Tsakaninta da Bunyaminu akwai wasan matar wa da ƙanen miji. Ba ta kiransa da suna, sai "mai basilla", in ya shigo gaishe ta sai ta ce ya zo ya ɗinke mata bakin maƙwabciya. Tana da jaka guda, ja, ana ce mata Aura, ita ke kawo mata yumɓu daga fadama da itacen gashi daga daji. A hannun Bunyaminu aka haifi Aura. Tana ƙarama ƙaya ta soke ta a kafaɗar hagu ta yi ƙurji, shi ya tsaga ya ƙona wurin, tabon ya zauna kamar jinjirin wata. Sau uku Abbas yana taya ta, sau uku Kubura tana cewa ko da wasa. A lokacin kuma Aura tana da ciki wata takwas.

Wata safiya Kubura ta shigo gidan Bunyaminu ko mayafi ba ta daidaita ba.

"Sun ɗauke Aura."

Ya miƙe tsaye. "Wa?"

"Ni zan gaya maka wa? Kai ke yawo da su."

Ya tafi wurin Abbas a fusace. Abbas ya rantse ba shi ba ne, ya buɗe masa garken da ya tara, babu ita. Ya ce masu saye yanzu sun fi goma, wasu daga Kamba, wasu daga tsallake, ba duka ke tambayar inda dabba ta fito ba. Sannan ya kawo wata magana. Jakuna suna mutuwa a hanya, wanda ya mutu tun da wuri kuma fatarsa lalacewa take kafin a isa. Yana so Bunyaminu ya bi motar wannan karon ya kula da su. Da can Bunyaminu ya sha ƙin bin mota. Wannan karon ya ce to, don ya ji duk motocin wuri ɗaya suke sauke kaya.

Kwana biyu suka yi a hanya. An cusa jakunan har babu inda ɗaya zai juya wuya. Bunyaminu yana zaune a kan katakon saman mota, duk inda aka tsaya sai ya sauko da bokiti ya bi su da ruwa, waɗanda hannunsa ya kai gare su. In ɗaya ya faɗi, sauran su tattake shi. Biyar suka mutu yana kallo.

Da azahar suka isa. Fili ne babba a bayan wani gari, an kewaye shi da kwano. Tun daga nesa wari ya tare su. A ciki ya ga fatu an barbaɗe su da gishiri an jibge, tarin ya fi tsawon mutum, ungulaye a jere a kan shinge. Ya ce mini bai san akwai jakuna masu yawan haka a duniya ba. Ya bar direba da sauke kaya, ya shiga garkunan yana bi ɗaya bayan ɗaya.

A garke na uku ya same ta, kwance a jikin shinge. An shafa mata lamba da jan fenti a wuya. Ya durƙusa ya share ƙurar kafaɗarta ta hagu, ga tabon. Cikinta ya faɗa, jini ya bushe a ƙafafunta na baya. Ta zubar da cikin a mota. Ya kira sunanta, ta motsa kunne.

Cikin ma'aikatan wurin akwai wani Bazamfare, shi ya yi masa tafinta wurin mai kula da filin. Mutumin bai yi gardama ba. Ya ce shi bai san ta sata ba ce, in tsohon yana so ya bar ladan tafiyarsa ya ɗauke ta. Bunyaminu ya ce ya bari. Ya koma wurin direba, direba ya ce manja zai ɗauko ya koma arewa, ba shi da wurin jaki. Ya bi sauran motocin duka, babu wadda ke komawa da dabba. Ya ari waya ya kira Abbas.

"Baba, ko an sami mota, tana iya tsayuwa?" in ji Abbas.

Ba ta iyawa. Ya gwada ɗaga ta shi da Bazamfaren, ƙafafunta suka ƙi. Sai ya kawo ruwa a bokiti ya zauna a ƙasa, ya ɗora kanta a cinyarsa. Ta sha kaɗan. Yana kore mata ƙuda da hularsa har la'asar ta yi, ta mutu. Ma'aikata biyu suna tsaye a gefe da igiya, ba su matso ba sai da ya tashi. Ya kwance igiyar wuyanta, wadda Kubura ta tufka da kaba, ya sa a aljihu. Bai waiwaya ba.

Da ya dawo bai fara shiga gidansa ba. Ya sami Kubura a tsakar gida tana cuɗa ɗan yumɓun da ya rage mata. Ya yi sallama, ya durƙusa, ya ajiye igiyar a gabanta.

Ta dube ta, ta goge hannu a zane, ta ɗauka.

"Ka gan ta?"

"Na gan ta, Yaya. A hannuna ta cika."

"Ɗan fa?"

Ya girgiza kai.

Ta riƙa jujjuya igiyar. Shi ya so ta zage shi, ko ta jefe shi da abin da ke hannunta.

"Ba kai ka kwance ta ba, na sani," ta ce. "Amma da ba su san hanyar garin nan ba. Kai ka nuna musu ƙofar kowa." Ta naɗe igiyar a hannu. "Ka sha hanya. Tahi gida ka huta, Malam Bunyaminu."

Tun daga ranar ba ta sake yi masa wasa ba. In sun haɗu takan gaishe shi da ladabi, kamar baƙo.

Washegari ya gaya wa Abbas ya bari. Ya zaci zai roƙe shi. Abbas ya yi masa godiya, ya ce Allah ya bar zumunci. Yana da lambar wayar wani a kowane ƙauye, masu jakuna su ke turo masa hoto yanzu. Motoci suka ci gaba da tashi kamar Bunyaminu bai taɓa kasancewa a ciki ba.

Kubura ta koma ɗaukar yumɓu a ka, tana da shekara sittin da wani abu. Da farko sawu uku a rana, daga baya ɗaya. Ta daina gina randa, sai ƙananan tukwane. Bunyaminu ya sha zuwa da sassafe ya ɗebo mata a buhu ya ajiye a ƙofa, takan aiko a ce ta gode. A shekara ta biyu wuyanta ya riƙe, hannunta na dama ya fara mutuwa. Ɗanta ya zo daga Kamba ya tafi da ita. Ramin da take gasa tukwane awaki ke kwana a ciki yanzu.

Bunyaminu kuma ya koma gindin markensa a kasuwa. Sai a ci kasuwa uku ba a kawo masa jaki ba. Ya koyi ɗinke kujerar babur da ta yage, yana cusa soso a inda ya saba cusa ciyawa. Daga baya aka ji a rediyo an hana fitar da fatar jaki. A wajenmu dai labarin ya zo a makare, turaka sun riga sun zama wayam.

Sai ga shekarar da aka janye tallafin mai. Kuɗin fetur ya yi tashin da ba wanda ya taɓa gani. Masu keke suka jingine su, wanda ya fito kuma abin da zai nema a kan buhu ɗaya ya kusa kuɗin buhun. Kaka ta yi, amfani yana fadama, ba abin ɗauka. Mata da tsofaffi suka riƙa jigila a ka. Albasar mutane da yawa a gona ta ruɓe. Waɗanda suka sa wa Bunyaminu albarka a da suka riƙa zuwa suna tambayarsa ko ya san inda za a sami jaki, ko na haya ne. Wasu ba sa iya haɗa ido da shi, shi ma haka.

Yana da aboki tun na ƙuruciya, wani Bafulatani mai suna Yero, da ke zaune a ruga can tsallaken iyaka. Yero ya ɓoye jaka ɗaya a cikin shanunsa duk tsawon shekarun nan. Bunyaminu ya kwance kwanon ɗaki ɗaya ya sayar, ya haɗa da raguna biyu na Mashkura da yardarta, ya tafi wurinsa.

"Don kai ne, Bunyaminu," in ji Yero. "Amma in ka kai ta wurin masu mota, kada ka sake taka rugata."

"Haihuwa nika so ta yi."

"Da wane namiji?"

Nan ne matsalar. Maza aka fara kwashewa, don fatarsu ta fi girma. Sai da suka yi wata biyu suna cigiya kafin Yero ya ji labarin wani a wata ruga, tafiyar kwana biyu. Bunyaminu ya kusa saba'in a lokacin. Mashkura ta ce ya jira ruwa ya ɗauke.

"Malam, ƙirjinka ba na wagga tahiya ba ne."

"In na jira, shi ma sai a ɗauke shi," ya ce.

Suka tafi a ƙasa shi da Yero, suna jan ta ta hanyoyin daji, don gudun idon mutane. A dawowa ruwa ya dake su tun daga hantsi har yamma, babu wurin fakewa. Ya dawo da tari. Amma jakar ta ɗauki ciki.

Abu na farko da ya yi da ya tabbatar, ya aika wa Kubura a Kamba cewa in an haihu ɗan nata ne, zai kai mata da kansa. Mai saƙon ya dawo ya ce ta ce ta gode, Allah ya saka, amma hannunta ba ya cuɗa yumɓu kuma, ya bar wa masu bukata. Bunyaminu ya sa ya maimaita masa saƙon sau biyu. Ya tambaya ko ta ƙara da wani abu, ko da wasa. Mai saƙo ya ce a'a.

Jaka shekara guda take yi da ciki, ta haifi ɗaya. Ya riƙa ƙirga watanni. Ya hana a aza mata fiye da tulu biyu, duk da gidaje bakwai ne ke aronta bi da bi. Tarin bai sake shi ba. 'Ya'yansa suka kai shi asibiti a Bagudo, aka ba shi magani, ya ɗan ji dama, ya koma. Da bazara ta yi zafi ya daina fita kasuwa, sai a shimfiɗa masa tabarma a inda zai riƙa ganinta tana cin harawa. Cikin yana wata na goma ya rasu, ranar wata Laraba bayan azahar. Kubura ba ta iya zuwa gaisuwa ba, ɗanta ya zo a madadinta.

Bayan wata biyu jakar ta haihu, namiji, toka-toka, mai dogayen kunnuwa. Yero ya tsallako ya gan shi, ya tsaya ya daɗe, ya yi wa abokinsa addu'a ya koma. Har daga ƙauyukan maƙwabta aka riƙa kawo yara kallo, don da yawansu ba su taɓa ganin jaririn jaki ba.

'Ya'yan Bunyaminu sun bar wa uwarsu jakar da ɗanta. Mashkura ta kwashe kayan zaure ta shigar da jakunan ciki, ta sa kwaɗo a ƙofa. Sau uku ke nan baƙi suna zuwa a kan babur suna tayawa, ba wanda ya san wanda ya ba su labari. Ta ce musu ba na sayarwa ba ne. Da na je gaishe ta kwanan baya, na same ta tana tankaɗe dusa. Ta ce mini geron rumbu ba zai kai su kaka ba, yaran kuma kabu-kabun ba ya kawo komai yanzu. Ta ce in sun dawo karo na huɗu ba ta san abin da za ta ce musu ba.